Tauraruwar da Gwaggo Ta Kulle a Akwati

A damunar da 'yar yayata ta haihu, na riga na ajiye aikin karanta labarai a gidan rediyo, ina zaune a Abakpa babu abin da ke tashina da sassafe sai sallah. Gidan yayata yana Unguwar Shanu. Tafiyar ƙafa ce idan ba a yi ruwa ba. Idan an yi, sai mutum ya tattare zane ya bi gefen kwata yana taka duwatsun da maƙwabta suka jera. Tun da aka dawo da yarinyar daga asibiti da ɗanta namiji, kullum da hantsi ina can.

Ita ce 'yar farin yayata. Karatun digiri na uku take yi a fannin taurari a wata jami'a da ke kudancin Afirka, mijinta ma a can yake aiki. Da cikinta ya tsufa aka taho da ita gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, don ta haihu a gaban iyayenta ta yi wanka. Wankan kuwa ba a hannun uwarta yake ba. Yayata mace ce mai riƙo da kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta zama ɗaki ɗaya da ita idan da baƙi, idan maganarta ta taso sai ta ce "waccan". Saboda haka aka ɗauko yayar uban yarinyar daga Kinkinau, tsohuwar da ta wanke masu jego a danginsu har ta daina lissafinsu. Kowa Gwaggo yake ce mata, har mu da ba gwaggonmu ba ce.

Gwaggo ta kafa ƙatuwar tukunyar ƙarfe a tsakar gida, ta sa aka kafa mata rumfar kwano a kanta saboda ruwan sama. Safe da yamma ruwa na tafasa, ga ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yajin jego. Itacen jiƙaƙƙe ne, gidan kullum cikin hayaƙi. Tana da wasu silifas na roba masu faɗi da ke marin ƙasa idan tana tafiya, tun daga bakin murhu ana jin zuwanta.

Washegarin suna na shiga ɗakin maijego na tarar da ita a bakin gado, an ɗaure mata ciki da zane, kunu yana hucewa a gabanta ba ta taɓa ba.

"Inna, Gwaggo ta kwashe min kwamfuta da waya," in ji ta, tun ban zauna ba. "Suna cikin akwatinta. Makullin yana haɓar zanenta."

"Me kika yi mata?"

"Wallahi ban sani ba. Ta ce sai na yi arba'in."

Na ce ai hutu aka ba ta, wasu nema suke yi ba su samu ba. Ta girgiza kai.

"In na kai arba'in, tauraruwata ta tafi."

A ɗakin labarai an koya mana cewa ba ka karanta wa jama'a abin da kai ba ka fahimta ba, domin mai sauraro yana kan babur ko bakin murhu, ba zai ce ka maimaita ba. Duk da haka, labarin sararin samaniya yakan zo mana jefi-jefi, mu fassara shi a layi biyu, "masana sun ce wata tauraruwa ta fashe", mu wuce zuwa farashin taki. Na sha tambayar kaina su wane ne masanan nan, da me kuma suke ganewa. Yau ga ɗaya daga cikinsu a gabana, an ɗaure ta da zane, babu inda za ta. Na gyara zama na ce ta fara daga farko.

Ga abin da na fahimta. Wasu taurari, idan ƙarshensu ya zo, fashewa suke yi. Na ɗan lokaci tauraruwa guda sai ta yi hasken da ya kusa na dukan tarin taurarin da take cikinsu, daga nan ta yi ta dusashewa. Akwai maduban hangen nesa da ba su da aiki sai ɗaukar hoton sama kowane dare, kwamfuta tana gwada na yau da na baya. Inda ɗigon haske ya bayyana a wurin da babu shi a da, sai a sa masa lamba a sanar. Amma hoto ba ya faɗin wace irin tauraruwa ce ta fashe, ko me ya fasa ta. Wannan shi ne aikin ƙungiyar da take ciki. Suna da rabon darare a wani babban madubi da ke kan dutse a Kudancin Amurka. Sai a juya shi ga sabon ɗigon, a tsaga haskensa kamar yadda bakan gizo ke tsaga na rana, daga shuɗi har zuwa ja. Kowane sinadari da ke cikin tauraruwar yana barin tabo a wurin da yake nasa a cikin launukan. Idan gari ya waye a can, wato hantsinmu, sakamakon yana zuwa a kwamfuta a matsayin layi mai hawa da sauka, wanda ke kan aiki a makon ya duba tabon ya faɗi kashin da tauraruwar ta faɗa.

"Abu na farko da ake nema haidurojin ne, wata iska marar nauyi da ke lulluɓe da yawancin taurari," in ji ta. "In akwai tabonsa, kashi na biyu ce. In babu, kashi na ɗaya."

"Shi ke nan? Ai ko ni zan iya."

"Ki bari ki ji tawa, Inna."

Tata an gano ta ne ranar da ta haihu. Abokin aikinta da ya riƙe mata makon ya ga tabon haidurojin, ya rubuta kashi na biyu, irin wadda ake samu kullum, ya wuce zuwa ta gaba. Ta ce bai yi laifi ba, abin da ya gani ya rubuta. Ita kuma tana kwance tana duba waya sai ta ga tabon bai yi ƙarfin da ya kamata ba, ga kuma wani ɗan rami a cikin launin rawaya. Akwai wani iri da ba a cika samu ba: tauraruwar da maƙwabciyarta ta janye mata kusan dukan lulluɓinta kafin ta fashe, saura ɗan siririn mayafi. Irin wannan da farko takan nuna haidurojin kamar kowa. Bayan 'yan makonni mayafin ya yaye, wata iskar da ke ƙarƙashi, hiliyam, ta fito fili. A kan wannan irin take rubuta digirinta, kuma tun da ta fara take jiran a kama guda tun da wuri, a bi ta tana sauyawa.

"To ga wayata, ki gaya wa abokin aikin naki."

"Na gaya masa kafin a karɓe tawa. Ya ce in kawo awo. Dararen ba su da yawa, kowa da tauraruwarsa, mai raba su ba ya ba da ko minti ɗaya don wani ya ce jikinsa ya ba shi. Kayan awon da tsofaffin layukan da zan gwada da su duk suna cikin kwamfutar."

Lokaci kuma ba ya jira. Tauraruwar ba ta da haske sosai, idan wata ya cika zai shafe ta. Bayan ya ragu, kwanaki kaɗan za su rage kafin ta shige cikin hasken rana, ba za a sake ganinta ba sai bayan watanni, lokacin da komai ya riga ya wuce. Wata kuwa ya riga ya tsaya, kullum ƙara faɗi yake.

Uwarta ba za ta buɗe baki ta roƙa mata ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ubanta kuma Gwaggo ce ta goya shi, ko a waya tsaye yake amsa mata. Saura ni.

Na sami Gwaggo a ƙarƙashin rumfa tana fifita wuta da murfin bokiti.

"'Yar rediyo, an aiko ki ne?"

"Gaisuwa na zo, Gwaggo."

"Kin gaishe ni ɗazu da kika shigo. Faɗi abin da ke bakinki."

Na faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ajiye murfin.

"Da kunnena na ji. 'Yan barka sun cika ɗaki, tana dariya tana gaya wa ƙawarta wai an ga tauraruwa ranar da ta haihu. Ƙawar ta ce masha Allah. Ita kuma ta ce ai mutuwa tauraruwar take yi. Mutuwa! Da jariri a cinyarta. Ke kin yi boko, ni ban yi ba, amma na san mai duba in na gan shi. A da ƙasa suke zubawa a faifai suna zane, yanzu an koma gilashi. Na leƙa, zanen ma kusan iri ɗaya ne."

Na ce mata yarinyar ta gaya min hasken nan ya baro inda yake tun miliyoyin shekaru, tauraruwar ba ta san da wani yaro a Unguwar Shanu ba.

"To don me sai ranar ya iso?"

Na koma ɗaki na tambayo, na dawo da amsa: babu ranar da ba a gano irinsu, duk ranar da ta haihu da an sami wata.

"Kullum?" Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas. "Ashe can ma ba a zaune lafiya. Allah Ya kyauta." Ta ci gaba da fifita wutarta.

Washegari na zo da wani tsohon faifan sidi daga cikin shirye-shiryena da na ajiye, domin yarinyar ta ce in an sami irinsa za ta nuna mana abin da baki ba zai iya ba. Gwaggo ta yarda maijego ta fito zuwa ƙofar kicin, bisa sharaɗin ta sa safa ta rufe kai. Ni kaina ɗoki nake yi. Na riƙe faifan nan ya fi sau dubu, na ga launukan da ke wasa a bayansa, ban taɓa tsammanin suna faɗin wani abu ba.

Da farko yarinyar ta karkata shi ga hasken rana da ke shigowa ta taga. Launuka suka kwanta a kansa, kowanne ya narke cikin na kusa da shi, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare. Sannan ta sa muka je zaure, inda akwai tsohon ƙwan lantarki mai murɗe da ba a canza ba. A nan launukan suka rabu: ja daban, kore daban, shuɗi daban, da duhu a tsakaninsu, kamar zaren saƙa da aka jera a tire.

"Duka farin haske ne a ido," in ji ta. "Amma abin da ke ci a ciki ba ɗaya ba ne."

Muka dawo kicin, ta tura ƙofa, ta kunna gas. Harshen wutar shuɗi ne. Ta ce Gwaggo ta ba ta kanwa. Gwaggo ta kwance ƙullinta ta ɓallo 'yar kaɗan, tana cewa kada a yi mata ɓarna. Yarinyar ta murƙushe ta da cokali ta barbaɗa. Nan take wutar ta koma rawaya.

"Wannan ai ba labari ba ne," in ji Gwaggo. "In miya ta zubo haka take yi."

"Gishirin miyar ne, Gwaggo. Abin da ke cikin gishiri shi ke cikin kanwa. Duba faifan."

Muka sunkuya mu biyu har ɗankwalinmu na gogar juna. A kan faifan zare ɗaya ne ya haska, rawaya, shi kaɗai.

"A duk inda kanwa ta shiga wuta, nan take zama, ko a kicin ɗin nan ko a sama. A tauraruwata akwai tabo a daidai wannan rawayan."

"Kanwa a sama?" Gwaggo ta dubi ƙullin da ke hannunta.

"Ko ita, ko hiliyam ɗin da nake nema. Matsalar ke nan. Su biyun kusan wuri ɗaya suke zama."

"To wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Shi ya sa nake so a sake dubawa. In hiliyam ne, yana da wasu tabban a cikin ja, za su fito in an ɗan jira. Kanwa ba ta da su."

Wannan na gane shi sarai. A wurinmu ma, labarin da ya zo ta baki ɗaya "an ce" ne, sai ya sami na biyu yake zama "an tabbatar". Gwaggo ta ɗaure ƙullinta a hankali.

"Mai duba dai ban taɓa jin ya ce bai sani ba," in ji ta.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta miƙe ta ce ruwa ya tafasa, maijego ta wuce banɗaki. Makulli bai motsa daga haɓar zane ba.

Kwanakin da suka biyo baya na sami kaina ina fita tsakar gidana bayan magariba ina neman wata tsakanin gajimare, abin da ban saba yi ba sai gab da azumi ko sallah. Ya wuce rabi. Na yi ta juya maganar. Gwaggo ba ta da taurin kai irin na wanda bai fahimta ba. Ta ga kanwar, har ta sake tambayar yarinyar ko toka ma tana da nata launin. Idan mutum ya karɓi amsa amma bai canza ba, yawanci ba tambayar da ke damunsa aka amsa ba. Na yi hira da mutane da yawa a aiki, na kuma lura cewa maganar gaske takan fito ne bayan an kashe rikoda, ana naɗe waya.

Don haka na daina kawo maganar akwati. Wata rana na zauna har la'asar ina taya ta tsinke ganyen darbejiya, muna hirar tsadar itace da ciwon gwiwa. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta rage murya.

"Maijegon da na fara wankewa 'yar maƙwabtanmu ce, tun ina Zariya. Dangin mijin suka je wurin wani mai duba, ya ce yaron ba mai zama ba ne. Magana ta zagayo har kunnenta. Ba ta yi kuka ba. Daina kallonsa kawai ta yi. Tana ba shi nono fuskarta na bango. Na yi faɗa, na yi lallashi. Nonon ya ƙafe. Ba a kai arba'in ba aka fita da shi."

Ta jefa ganye a tukunya.

"Wannan ma haka take yi. Duk shigar da zan yi, yaro na ƙirjinta, idonta na kan waya. Na karɓe wayar, yanzu bango take kallo. Ni tauraruwa ba ta dame ni ba, ta fashe ta ƙara fashewa. Idon yarinyar nan nake nema a kan ɗanta, ban gani ba."

Abin ya ɗaure min kai, domin ni ba haka nake gani ba. A gabana yarinyar ba ta ajiye shi. Tana shinshinar wuyansa, tana ƙirga 'yan yatsunsa, har sai na ce ta bar shi ya yi barci. Na shiga ɗaki na tambaye ta, ban gaya mata labarin Zariya ba, don ba labarin da ake ba maijego ba ne.

"Me ya sa in Gwaggo ta shigo kike kau da kai daga yaron nan?"

Ta zaro ido. "Inna, ba haka ake yi ba? Tun a mota daga asibiti Umma ta ja min kunne. Ko kallona ba ta yi ba, ƙeyar direba take kallo tana faɗa. Ta ce ɗan fari ne, kada waccan ta ba ni kunya a gaban Gwaggo, a ga tana kallonsa tana washe baki. Ni kuma in na dube shi ba na iya riƙe fuskata. Shi ya sa da na ji takalmin Gwaggo nake ɗaukar waya. Yanzu babu waya, sai bango."

Na yi dariya har jaririn ya motsa. Yarinyar da ta yi shekaru a wata ƙasa tana ta ƙoƙarin nuna ba ta manta tarbiyya ba, ta yi kunyar har ta wuce inda tsofaffin suke tsayawa. Su sukan saci kallo, kowa kuma ya san suna sata. Ita da gaske take kau da kai.

Na san idan na kai wa Gwaggo wannan da baki, "an ce" ne. Washegari da hantsi, bayan an gama wanka an watse, na same ta na ce ta cire takalmanta.

"Masallaci za mu?"

"Ki dai cire, Gwaggo. Ki biyo ni, kada ki yi tari."

Muka taka tsakar gida ba takalmi, simintin da sanyin ruwan daren jiya, muka tsaya bayan labule. Ta gefensa ana ganin gado. Yarinyar ta kwantar da shi a cinyarta, ta kama ƙafafunsa biyu ta kai bakinta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗan tsoho. Kai ɗan tsoho mai fuskar kakansa. Ka ga Gwaggo ta kulle mana tauraruwa ko? Kai ba ruwanka, nono kawai. Buɗe idon in gani. Buɗe mana. Wayyo ni, wa ya ba ka wannan hancin?"

Ta sunkuya ta tura fuskarta cikin wuyansa, ta daɗe a haka.

Gwaggo ta tsaya ba ta motsi. Sannan ta ja da baya a hankali har bakin murhu, ta zura silifas ɗinta, ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin itacen nan zai makantar da ita.

"Marar kunya," in ji ta. "Ɗan fari guda, tana lasarsa kamar akuya."

Hannunta yana kan haɓar zane tana kwance ƙulli.

Ta nufi ɗakin tana marin ƙasa da takalmi yadda ta saba. Muna shiga yarinyar ta riga ta juya ga bango. Gwaggo ta ajiye kwamfutar da wayar a kan gado, naɗe cikin atamfa.

"Ga kayan tsafinki. Sai kin yi wanka kin shanye kunu tas za ki buɗe, in an kira azahar ki rufe. Ina nan zaune da angona ina kallonki. Ɗanki kuma ki kalle shi in kin ga dama, ni idona ya mutu, ba na ganin komai."

A ranar yarinyar ta yi awon ta aika. Na zauna kusa da ita ina kallo tana ɗora layin tauraruwarta a kan na wasu da suka fashe a shekarun baya, tana matsar da shi hagu da dama, tana cire wannan tana sa wancan. Aiki ne mai cin rai, babu wani abin kallo a ciki, amma ban iya tashi ba. Amsa ta zo washegari: an ba ta ɗan lokaci kaɗan a madubin, ana gab da cikar wata. Ta ce in hadari ya rufe dutsen a daren, shi ke nan. Gwaggo ta ce ashe su ma suna da damuna.

Bai rufe ba. Da hantsi sakamakon ya iso, muna zaune mu uku, jaririn yana hannun Gwaggo. Layin ya fito, ya hau ya sauka. Yarinyar ta ja ɓangaren ja ta ƙara masa girma. A nan akwai wani tudu, wanda ta ce na haidurojin ne, a layin farko kansa a mulmule yake. Yanzu an ɗan gutsure shi a sama, kamar ƙosan da yaro ya gatsa ya ajiye. Gaba kaɗan kuma ga wani ƙaramin rami da babu shi a da.

Ba ta yi ihu ba. Ta auna, ta sake aunawa, ta koma kan rawayan ta gwada su. Sannan ta fara rubutu. Na ce ta fassara min abin da take rubutawa.

"Na ce alamu sun nuna hiliyam ya fara fitowa, ina roƙon a ci gaba da bin ta."

"Alamu? Ba ga shi kin gani ba?"

"Sai na ga mayafin ya yaye, Inna."

Na yi aiki da editocin da suka fi ta shekaru ba su kai ta riƙon baki ba.

Ƙungiyar ta yarda. Da wata ya ragu aka sake dubawa, wasu masu maduban a wasu ƙasashe ma suka juya nasu. Kowace safiya, bayan wanka, Gwaggo takan shigo da kofin kunu ta tsaya a kan kwamfutar ta ce, "Ya mai jiki?" Yarinyar ta nuna mata tudun yana raguwa, ramukan suna zurfi. A duban ƙarshe kafin tauraruwar ta shige hasken rana, haidurojin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Aka canza mata kashi a inda ake sanarwa, aka mayar da ita cikin irin da yarinyar ta yi zato. Ita ce yanzu babi mafi tsawo a digirinta.

Ranar da aka yi arba'in Gwaggo ta haɗa kayanta za ta koma Kinkinau. An sauke tukunya, an kwance rumfar, wurin murhun ya bar baƙin da'ira a siminti. Tana jiran a kira mata mai adaidaita, ta dubi yarinyar, wadda ke zaune a tabarma da ɗanta, tana kallonsa a fili, uwarta kuma tana daga ƙofar kicin tana yi kamar tsintar shinkafa take.

"To a ƙarshe dai ba kanwa ba ce?"

"Ba ita ba ce, Gwaggo."

"Ni da na so ita ce. Da na ce ina da dangi a can."

Ta juyo gare ni ta miƙo hannu. Na ɗauka sallama ce, na ba ta nawa. Ta ture shi.

"Faifan nan naki. Akwai wata fitila a bakin shagon maƙwabcinmu, tun bara launinta bai kwanta min ba."

Na ciro shi daga jaka na ba ta. Ta naɗe shi cikin atamfar da ta taɓa naɗe kwamfutar, ta sa a akwati, ta kulle.